Yarinyar da Mushe Hamid Ya Bari a Rijiya

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro ko a Bader Goula cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya a ce bai san malamin nan Mushe Hamid ba. Dogo ne siriri mai dogon hanci, ga tsabta har ta yi yawa, ko alli ba ya yarda ya taɓa masa riga. Bara ya ajiye aiki. Yanzu in ka bi ta unguwarsu da hantsi za ka tarar da shi ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, rediyo a gefe, yana gyara wa masu wucewa Hausa. I, Hausa! Mutumin da bai iya ko sannu ba sai da ya shekara bakwai a duniya, shi ne yau in ka karkata magana zai ɗaga maka yatsa ya ce sake. Mutane na yi masa dariya a kan haka, shi ma yana taya su.

Amma akwai abu ɗaya da ba a yi masa wasa da shi. Wani ɗan littafin yara ne mai shafi goma sha shida, da sunansa a bango. Shekara ashirin da 'yan kai yana tinƙaho da littafin nan, duk baƙon da ya zo gidan sai an ɗauko an nuna masa. Yau ko ambatonsa aka yi sai ka ga ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Abin da ya rubuta a ciki ba shi ke damunsa ba. Abin da ya ƙi sawa ne ke cinsa: wata 'yar gajeruwar waƙa ta mahaifiyarsa.

An haife shi a daji, arewa da Azagor, cikin tantin fata. Iyayensa Buzaye ne makiyaya, masu raƙuma da awaki. Yana da shekara bakwai aka yi babban farin nan na saba'in da uku, wanda ya share dukiyar mutanen arewa. Dabbobinsu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har taguwar da ake tatsa masa nono. Mahaifinsa ya naɗe tantin ya ɗora wa jakin da ya rage, suka gangaro Dakoro da ƙafa su da wasu dangi, suka kafa bukkoki a bayan gari kusa da kara, inda ake cin kasuwar dabbobi. Uban ya koma korar shanun mutane ranar kasuwa, mutumin da jiya-jiya yake da garken kansa. Bai daɗe ba ma, tari da baƙin ciki suka tafi da shi. Uwar, Zara, wadda Hamid ke kira Anna kamar yadda Buzaye ke kiran uwa, ita ta riƙe gidan da saƙar tabarma da ɗinkin fata.

Da aka zo ɗaukar yara lakwal aka haɗa da shi. Ranar farko ya je da tukkunsa a ka da layu a wuya, ba Hausa ba Faransanci. Mushen da ke koyar da su ya tambayi sunansa, ya amsa da Tamajak, harshen gidansu, kilas ya kwashe da dariya. Daga ranar ya zama abin wasan yara. In ya yi magana su kwaikwayi bakinsa, in ya yi shiru su ce Buzu ya tuna raƙuminsa. Yara ba mugunta suke nufi ba, amma wallahi sun iya ta. Ya dawo gida ya sa kuka sai an aske tukkun nan, aka aske. Cikin shekara guda ya kwashe Hausa tas, irin ta 'yan gari, har da zaginta. Sai kuma ya yi abin da ba wanda ya sa shi: ya daina amsa wa uwarsa da harshensu. Ta yi masa magana da Tamajak, ya mayar mata da Hausa. Ta sake, ya sake. In a gaban abokansa ne ma, sai ya yi kamar ba da shi take ba.

Zara mace ce marar yawan magana. Ba ta doke shi ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Abin da take yi kawai, bayan magariba in an ci tuwo, sai ta zaunar da shi ta yi masa gatana, wato tatsuniya. Da ta ga ba ya sauraron ta Tamajak, sai ta koma yi masa da gurguwar Hausarta ta kasuwa. Gatanar kuma kusan kullum guda ce, ta wata yarinya Lalla.

Lalla ɗiyar makiyaya ce, tana da farar taguwa. Wata rana ta kai ta ban ruwa, ta leƙa rijiya don ta ga inda wasaki, gugan fata, ya maƙale, sai ƙafarta ta zame ta faɗa. Ba ta mutu ba. A ƙarƙashin ruwan akwai garin aljanu, da kasuwa da gidaje da komai, kuma masu kirki ne, ba su cuce ta ba. Suka ba ta tufafi masu kyau, suka ba ta abinci, suka raɗa mata sabon suna. Sai dai duk ranar da ta ci abincinsu, abu ɗaya ke ficewa daga kanta. Yau ta manta launin taguwarta, gobe ta manta hanyar gida, jibi ta manta fuskar uwarta. Da ta kwana arba'in, ko sunan Lalla aka ambata ba ta waiwayawa. Uwarta ta tara maza suka zura igiya, igiya ta dawo wayam. Yarinyar ba ta san ita ake nema ba, to don me za ta kama? Sai uwar ta sallami kowa, ta durƙusa a bakin rijiya, ta sa kanta ciki, ta fara waƙa.

To a nan Hausar Zara ke ƙarewa. Waƙar ba ta juyuwa, da Tamajak take rera ta, da siririyar murya mai tafiya nesa. A nan kuma Hamid ke miƙewa. Zana ce kawai tsakaninsu da maƙwabta, ya san in yaran can suka ji, gobe a filin lakwal za su toshe hanci su rera masa. Sai ya ce fitsari yake ji, ko ya tuna mushe ya ba su aiki, ko ya fice kawai ba wani dalili. Muryar na bin sa har bakin hanya, shi kuwa yana ƙara sauri. In ya dawo ta gama, ta koma kan saƙarta. Haka aka yi ba sau goma ba, ba sau hamsin ba. Bai taɓa zama ya ji ƙarshen waƙar ba, don haka bai san yadda gatanar ta ƙare ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Ya wuce kolej, ya wuce makarantar horon malamai, aka tura shi Bader Goula da alli a hannu. Ya auri A'ishatu, ɗiyar manoman gyaɗa daga wajen Maradi, suka haifi biyar, ba wanda ya taɓa jin kalma ɗaya ta Tamajak daga bakin ubansa. Rawani kuwa bai taɓa naɗawa ba, sai hula. Ya gina wa Zara ɗakin laka a cikin Dakoro, ya saya mata gadon ƙarfe, ita kuwa ta ci gaba da kwana a tsakar gida bisa tabarma, wai rufin yana danne mata numfashi. Kada a zalunce shi, bai taɓa barinta da yunwa ba. Duk ƙarshen wata yana zuwa da hatsi da sukari da ganyen shayi, da sallah ga turmin atamfa ga takalmi. Duk abin da ɗa ke ɗaukowa ya kawo wa uwa, ya kawo. Zama ne kawai ba ya yi.

Wajen shekara ta dubu biyu wata ƙungiya ta zo tana son a buga wa yara 'yan littattafan karatu da Hausa. Aka tara malaman yankin a Dakoro kwana uku, aka ce kowa ya rubuto gatanar gidansu. Matar da ke jagorantar aikin har cewa ta yi, yadda kuka ji ta a bakin tsofaffinku haka za ku rubuta, kada ku yi mata kwalliya. Ba wanda ya hana Hamid komai, wannan dole a faɗa. Shi da kansa ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ya ɗauki bik, ya rubuta Lalla, ya tsaya yana kallon sunan. A gefensa malamai ne 'yan gari, abokan shan shayinsa, da yawansu sun ma manta daga ina ya fito. Sai ya soke, ya rubuta Delu. Farar taguwa ta zama 'yar akuya. Tantin fata ya zama gida mai zaure. Rijiyar makiyaya mai gaba arba'in ta zama rijiyar unguwa. Da ya iso wurin waƙa, babu ita a kansa, ko da akwai ma ba zai sa ba. Sai ya ƙirƙiro ƙarshe da kansa: wani ƙaƙƙarfan saurayi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga, ya sungumo Delu, mata suka yi ta guɗa. Aka yaba masa ƙwarai. Cikin gatana talatin tasa na cikin biyar da aka buga, har da zane a bango, yarinya da ɗan kwali da tulu a ka.

Ranar da littafin ya iso hannunsa ranar kasuwar Dakoro ce. Ya nufi wurin uwarsa kai tsaye, baki har kunne. Ya same ta a inuwa tana saƙa, kaba jiƙe cikin ƙwarya a gefenta.

"Anna, dubi sunan ɗanki a littafi. Gatanarki ce na rubuta."

"Gatana da rana tsaka?" in ji ta. "Ba ka tsoron ɓata a daji? To karanta mu ji, tunda kai ɗan boko ne."

Ya gyara tsayuwa, ya karanta da muryar da yake karanta wa 'yan kilas. Da ya ambaci Delu, hannunta ya tsaya a kan saƙar. Da ya ambaci akuya ta yi ɗan murmushi. Da ya kai ƙarshe, inda saurayi ya fito da yarinya aka yi guɗa, sai ta ajiye kabar ta ɗago kai.

"Wa ya kira ta?"

"Ba a kira ta ba, Anna, jawo ta aka yi. Ai duk ɗaya ne, ta dai fito."

"Ba ɗaya ba ne. Wadda aka jawo ba ta san kowa ba. Za ta zauna a gidan uwarta tana kallonta kamar baƙuwa, a ba ta abinci ta ce an gode. Wannan ba fitowa ba ce." Ta matsa gefe, ta share masa wuri a kan tabarma da tafin hannunta. "Zauna in yi maka waƙar. Ga abin rubutunka nan a aljihu. Gajeruwa ce, ba ta kai tafasar shayi ba."

Ya dubi agogo. Ko azahar ba a kira ba, ya kuma sani sarai motar Bader Goula ba ta tashi sai kasuwa ta watse. Amma mutum mai shekara talatin da huɗu, uban 'ya'ya, sai ya ji ƙafarsa na yi masa abin da take yi masa yana yaro.

"Anna, mota za ta tashi. Littafin ma an riga an buga, ba a ƙara komai a ciki. Bari sai hutu, in zo mu zauna a tsanake."

"To, sai hutu," ta ce. Ta karɓi littafin ta daɗe tana kallon zanen bangon, sannan ta miƙa masa. "Kyakkyawa ce, Allah ya raya ta. Ɗiyar wasu ce dai."

Motar ba ta tashi ba sai bayan la'asar. Awa uku ya yi a tasha yana shan shayi yana nuna wa mutane sunansa a bangon littafi. Kafin hutun ya zo zazzaɓin kwana huɗu ya kwantar da Zara, saƙo ya iske shi yana tsaye gaban allo. Ya yi kuka, ya yi mata sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, duk abin da ake yi ya yi. Gaskiyar magana kuwa, waƙar ko tuna ta bai yi ba. Kaico, da a lokacin ma ya tuna, akwai sauran tsofaffin da suka sauko tare da su.

Shekara ashirin da biyar suka wuce, ya ajiye alli, ya dawo gidan nan na Dakoro da iyalinsa. Cikin jikokinsa akwai Nuriyya, ɗiyar babban ɗansa Saminu, mai shekara tara. Duk zuri'ar ita ta ɗebo Zara, hancin, dogon wuyan, har yadda take karkata kai in tana saurare. Bakin ne kawai ba na Zara ba, don Nuriyya ba ta shiru. Shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kullum suna cikin wasan jika da kaka.

Wata ranar kasuwa ta dawo daga aike fuska a murtuke. Ta dangwarar da ledar a gabansa.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?"

"Kaka, ni wai mi ce ce?"

"Kamar ƙaƙa?"

Ashe wasu mata Buzaye masu sayar da cuku ne suka gan ta, suka kama haɓarta suna yi mata magana da Tamajak, suna tambayar ɗiyar wa ce. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Sai suka yi dariya, ɗaya ta ce da Hausa, fuska tamu, baki na Hausawa. A lakwal kuma in faɗa ya haɗa ta da ƙawaye sai su ce Buzuwa, koma daji. "Can sun ce Buzuwa, nan sun ce Bahausa. Ga shi Madam, malamarmu, ta ce kafin ƙarshen wata kowa ya zo da gatanar gidansu ya faɗa gaban kilas. Mu wace ce tamu?"

Ya ba ta amsa irin ta malamai. "Ke ɗiyar Nijar ce, Musulma."

"Wannan ai kowa ma."

Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi bangon ta taɓe baki.

"Ta Delu? Na karanta ta tun bara. Kaka, kada ka ji haushi, ƙarshenta ba daɗi. Yarinyar da ta manta uwarta, don an jawo ta da igiya sai ta tuna? Ƙaƙa aka yi ta tuna?"

Ta faɗi haka, kanta a karkace, da hancin nan da wuyan nan. Mushe Hamid ya karɓi littafin daga hannunta. Ya zauna a hankali, ya kife littafin a ƙasa, ya ce mata sunan yarinyar ba Delu ba ne, Lalla ne. Ya faɗa mata farar taguwa da tantin fata da rijiya mai gaba arba'in. Rabonsa da jin waɗannan abubuwa a jere shekara hamsin, a bakinsa kuwa ba su taɓa fitowa ba. Nuriyya ta matso har gwiwarta na taɓa tasa.

"Lalla kamar ni take?"

"Kamar ke sak."

Ya ci gaba har inda uwar ta sallami maza, ta durƙusa, ta sa kanta cikin rijiya. Ya buɗe baki. Wani ɗan amo ya fito ta hancinsa, farkon muryar kawai, ko kalma ɗaya babu. Ya sake gwadawa, abin ya tsinke a wuri guda.

"Sai mi, Kaka?"

Ya so ya ce ya manta, amma ya san ƙarya ce, mutum ba ya manta abin da bai tsaya ya ji ba. Ya ce, "Ban sani ba, amarya. Amma zan samo miki kafin ƙarshen wata."

Ya fara da kara. Shi da ya yi shekaru yana kewaye wurin don kada ƙura ta taɓa masa riga, sai ga shi yana bin rumfunan masu raƙuma yana tambayar gatanar Lalla. Wannan ya ce ya san ta yarinya da kura, wancan ya ce ya san ta aljanin rijiya mai cin awaki, ta Lalla dai ba wanda ya taɓa ji. A mako na biyu wani tsohon dillali ya tuna masa da Halimatu, ɗiyar ƙanen baban Zara, wadda suka sauko tare shekarar fari, ta koma arewa da mijinta bayan sun sake haɗa 'yan awaki. Ya ce tana nan da rai wajen Azagor, idanu ne dai suka tafi. Kunya ta kama Hamid, don rabonsa da tambayar matar nan tun zaman makokin uwarsa.

Ya shiga motar kasuwa zuwa Azagor, daga can ya hau babur aka yi ta kutsawa da shi cikin rairayi. Ya same ta da hantsi ƙarƙashin rumfar tabarmi, ta tsufa ta ƙanƙance, jikokinta na can wajen rijiya. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, ya faɗi sunansa. Ta laluba ta kama hannunsa, ta yi ta jero masa gaisuwa da Tamajak. Yana jin rabin abin da take faɗa, amma harshensa ya ƙi motsi. Ta saurara, ta ji shiru, sai ta juya zuwa Hausa.

"Har yanzu, ɗan Zara?"

 Aka dafa shayi, sai da aka sha na biyu sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohuwa ta yi 'yar dariya, sai kuma dariyar ta ɗauke.

"Ka sha wahalar banza a kara. Gatanar Lalla ba ta kakanni ba ce, ba za ka same ta wurin kowa ba. Zara ce ta ƙaga ta, can Dakoro bayan kara, shekarar da ka daina amsa mata. Bukkata na jikin taku, ina jin komai. Ta ce min, Halimatu, ɗana ya faɗa rijiya ina kallo, in na doke shi zai ƙara nutsewa."

Hamid ya ajiye ɗan kofin shayin. "Waƙar fa, Anna Halimatu? Ita na zo nema. Jikata na yi wa alkawari."

"Ban riƙe ta ba, ɗana, shekara hamsin ba wasa ba. Na san dai abin da ke ciki. Sunayen rijiyoyin da muka sha ne tun daga arewa, ɗaya bayan ɗaya, da sunan uwarta da na uwar uwarta, da sunan taguwar da ka sha nononta. Rijiya uku zan iya tuna maka, da sunan kakarka. Jerin da muryar kam sun tafi da mai su."

Ya ciro kaye da bik, abin da ya ƙi yi ranar da aka share masa wuri a tabarma, ya rubuta sunaye huɗun nan. Ba su cika ko layi biyu ba. Sannan ya yi tambayar da ta rage.

"To a ƙarshe sai Lalla ta amsa?"

Halimatu ta juyo da makafin idanunta wajen muryarsa. "Wace Lalla? Ashe da gaske ba ka taɓa zama ba. Babu Lalla a ƙarshen waƙar. Kai take kira. Hamid, Hamid, Hamid, sau uku, sai ta yi shiru tana saurare. Gatanar ba ta da ƙarshe, jira take ka amsa ta ƙarasa. Kai kuwa kana can bakin hanya. Sai in ji ta jawo kabarta ta ci gaba da saƙa."

Mazan Buzaye in abu ya ci su, rawani suke ja su rufe fuska. Shi ba shi da rawani, hula ce a kansa. Ya yi kukansa a fili, tsohon malami mai shekara sittin, tsohuwa na riƙe da hannunsa ba ta ce masa yi haƙuri ba.

Washegari bayan la'asar ya sauka a Dakoro. Nuriyya na zaune a kujerarsa ƙarƙashin dogon yaro, tana hango shi ta taso da gudu.

"Ka samo, tsoho?"

Ya zaunar da ita, ya buɗe kayen, ya karanta mata rijiya uku da sunan mace ɗaya. Ya ce wannan uwar Zara ce, Zara kuma uwarsa ce, wadda Nuriyya ta ɗebo wa fuska. Ya ce waɗannan rijiyoyin nasu ne, in mata masu cuku suka sake tambayarta ɗiyar wa ce, ta faɗa musu. Ta sa shi ya maimaita har ta riƙe, tana ƙirgawa da yatsu. Ya faɗa mata wadda ta ƙaga gatanar, da wanda aka ƙaga ta dominsa, bai rage komai ba, har da motar da ya ce za ta tashi. Ta karkata kai.

"To Kaka, Lalla ta fito?"

Shi da ya buga a littafi cewa ta fito har an yi guɗa, yara dubbai sun karanta, ya dubi jikarsa ya ce, "Ba ta fito ba, Nuriyya. An kira ta, tana ji sarai, ba ta amsa ba, har mai kiran ta rasu."

"Madam ba za ta so wanga ƙarshe ba."

"Na sani. Amma shi ne na gidanmu."

Haka ta je ta faɗa gaban kilas, da Lalla da farar taguwa da rijiyoyi uku, da wurin waƙa inda ta ce a nan akwai waƙa amma ta ɓata. An ce ba wanda ya yi dariya. Shi dai bai je ba, bai kuma tambaya ba.

Yana nan ƙofar gida har yau, da rediyonsa da carbinsa, yana ɗaga wa mutane yatsa in sun karkata Hausa. Maƙwabta sun ce wani lokaci bayan magariba, in an ci tuwo unguwa ta lafa, sai su ji shi ta kan katanga ya ce, "Na'am, Anna," a hankali, ba wanda ya kira shi. Da Hausa ma yake faɗa, don ita kaɗai ta rage masa.